Amsata ga mai tambayar wace irin gwamnati ce ta dace da mu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam mai tambaya, ka ce da za a ba mu wuƙa da nama mu tsara gwamnatin da muke so wace iri za mu ɗauka, ta soja ko ta farar hula ko a mayar da komai hannun sarakuna, sannan ka ƙara da cewa shin rabon kuɗi da shinkafa shi ne taimakon talaka ko akwai abin da ya fi shi. Na bi amsoshin da aka ba ka, wani ya ce mu koma kamar Dubai, wani ya ce sai soja mai bulala irin Janar Idiyagbon na zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, Bazazzagin nan namu kuma ya ce wai a ba su aron Kano na shekara huɗu su gyara mana, to ɗan uwa Allah ya bar zumunci, ku fara zuwa kasuwar Kwari ku biya bashin atamfa tukuna sai mu zauna mu yi maganar.

Ni dai aikin duba-gari na yi a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birnin nan har na yi ritaya, saboda haka ta wajen kwata da masai da bola da rijiya nake kallon gwamnati, kuma da wannan idon zan ba ka amsa. Gwamnatin da nake so ita ce wadda in abu ya lalace a unguwa an san sunan mutumin da zai gyara, an san ƙofar ofis ɗinsa, kuma kuɗin gyaran yana hannunsa ba sai ya rubuta takarda ta yi wata shida tana yawo daga tebur zuwa tebur ba. In ka samar min wannan, ko kaki mai mulkin ya sa ko babbar riga ni ban damu ba sosai, duk da zan faɗi inda na fi karkata.

Ku duba fa, mu a Kano ba rashin masu gini muka yi ba. Audu Baƙo ya riƙe jihar nan daga 1967 zuwa 1975, kuma ga masu kiran soja soja, shi kwamishinan 'yan sanda ne, ya gina madatsar Tiga da ta Bagauda, yau in ka bi hanyar Zariya ka ga shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da Kwanar Gafan to ruwan Tiga ne ke shayar da su. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, je ka asibitocin garin nan ka tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare ka ji amsa. Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, dattawa da matan aure suka koyi karatu da rubutu. Malam Shekarau ya yi matatar ruwa ta Tamburawa, Kwankwaso ya yi jami'o'i da gadoji ya tura yara karatu waje, Ganduje ma ya yi nasa gadojin. Kowa da abin da zai nuna, kuma ba na son a mayar da maganar nan ta jar hular Kwankwasiyya da wadda ba ja ba, don wallahi da zarar an shiga nan shi kenan an bar batun an koma zage-zage. Abin da nake so mu lura da shi, kusan duk wanda ya zo sabon abu yake son ya ƙaddamar a sa allo da sunansa, wanda ya tarar kuma sai a bar shi ya mutu a tsaye, saboda gyaran bututun da wani ya binne ba ya fitowa a rediyo.

Ga misali daga aikina. An taɓa yi mana rijiyar burtsatse mai sola a wata mazaɓa, tanki biyu a sama, famfuna a jere, ranar buɗewa har da makaɗa. Ba a rufa shekara ba injin ya ƙone. Mutanen unguwa suka je wajen kansila ya ce ba aikin ƙaramar hukuma ba ne na ɗan majalisa ne, aka je gidan ɗan majalisa yaransa suka ce ai an miƙa wa al'umma, aka nemi ɗan kwangila aka ce ya karɓi kuɗinsa tuntuni. Ni na rubuta rahoto da hannuna cewa mutane sun koma shan rijiyar da ke dab da masai, na ce in damina ta sauka za a samu amai da gudawa, rahoton ya shiga fayil. Damina ta zo aka samu ɗin kuwa, yara aka riƙa ɗauka a adaidaita sahu ana kai su a ƙara musu ruwa, sai a lokacin motoci suka zo da magani da masu ɗaukar hoto, kuma abin da aka kashe a wannan makon ya ninka kuɗin injin ban san sau nawa ba. Daga baya matasan unguwar ne suka bi gida gida da faranti bayan sallar Juma'a aka sayi wani injin. Babu wanda aka tuhuma, don tun farko babu wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai kula da ita.

Shi ya sa maganar ƙananan hukumomi take ci min rai. Muna da guda 44 a jihar nan, mazaɓu 484, ma'ana ko wane lungu yana da kansila, kuma tun gyaran 1976 da aka rushe tsarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka ce su ne gwamnatin da ke kusa da talaka, kasuwa da kwata da shara da asibitin sha-ka-tafi duk nasu ne. Amma kuɗinsu ta asusun haɗaka yake biyowa, jiha ke riƙe da bakin jaka, sai ka ga ciyaman guda da motar ofis da ɗan sanda a gaba amma ba zai iya sa hannu a yi kwalbati ɗaya ba sai ya nemi izini daga sama. Wannan ba Kano kaɗai ba ce, kusan ko ina a ƙasar haka ake. Ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye kuma a daina naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, na yi murna a ranar, sai dai na zauna da ciyamomi na san halin wasunsu, in kuɗin ya sauko ba tare da ido a kai ba to ɓarnar ce kawai za ta sauya gida. Abin da nake so a haɗa da shi, duk wata a liƙa takarda a ƙofar sakatariya da Hausa, da boko da ajami, ga abin da ya shigo ga albashin malamai ga abin da ya rage ga inda aka kai shi, a karanta a rediyo yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure. Mutanen Kano akwai sauraron rediyo, mai shayi da tela da direba duk za su riƙe lissafin, kuma ranar da aka ce an yashe kwatar layinku alhali kana tsallake ta da safe ka san wanda za ka tara.

Masu cewa soja, na fahimci abin da ke ranku. Na ga zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, an bi layi, an share gari, mu kanmu 'yan duba-gari a lokacin in muka shiga layi sai ka ga ana ta kwashe shara kafin mu ƙaraso. Amma tsoro ne ya yi aikin, ranar da mai bulalar ya tafi aka koma gidan jiya. Kuma wani sojan ne dai ya kawo mana tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 aka karya darajar naira, daga nan masaƙu da masana'antun Bompai da Sharada suka fara tangal-tangal, rashin wuta da kayan waje suka zo suka ƙarasa da yawansu. In soja ya yi daidai kun ci riba, in ya yi kuskure wa za ka kai wa ƙara, a wace rediyo za ka yi magana? Ni na fi son wanda zan iya kayarwa bayan shekara huɗu ko da kuwa yana ba ni haushi. Malam Aminu Kano da mutanensa tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 abin da suka sha ɗauri da duka a kai ke nan, talaka ya samu bakin cewa a'a, ba zan so mu mayar da wannan da hannunmu ba don an gaji.

Sarakuna kuma, Allah ya ja zamaninsu, ina ganin a ba su aikin da suka fi kowa iyawa. Mai unguwa ya san gidan da aka haihu jiya, ya san baƙon da ya kama haya, ya san yaron da ya fara bin 'yan daba tun kafin ya fara ƙwacen waya. Lokacin da rigakafin shan inna ya tsaya a jihar nan a 2003, bayan an dawo da shi ai da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai aka shiga gidaje har aka ci nasara. Amma mutumin nan sai ka ga abin da ake ba shi a wata bai kai kuɗin man babur ba, to in mai fili ya zo da ɗan ihsani ya ce a sa hannu a yanka hanyar ruwa ko a cike kududdufi a yi shaguna me kake tsammani? Kududdufan da aka cike a cikin gari su ne ambaliyar da muke kuka da ita duk Agusta, ruwa ba ya manta hanyarsa. A biya mai unguwa albashi na mutunci, a ba shi littafin rajistar haihuwa da mutuwa da yaran da ba sa zuwa makaranta, sannan in ya sa hannu a kan filin makaranta ko maƙabarta a cire shi.

Sai batun rabon tallafi. Ban ce a daina gaba ɗaya ba, akwai tsohuwar da ba ta da kowa, akwai marayu, akwai mai lalurar da ba zai iya fita nema ba, waɗannan haƙƙinsu ne kuma addininmu ma ya ɗora mana, muna da hukumar zakka da hubusi tun 2003, da ana ba ta ƙarfi attajiran kasuwannin Singa da Kwari da Dawanau suna kai nasu can da an rage da yawa. Abin da ba na so shi ne a tara magidanta masu lafiya a rana tun safe saboda kwano biyu na shinkafa, sunayen kuma daga aljihun shugaban jam'iyya na mazaɓa suka fito. Yi lissafi da kanka Malam. A unguwarmu jarka ɗaya wajen 'yan garuwa ta kai naira 100, wani lokacin in babu wuta ta wuce haka, gida mai mutum takwas ko goma zai sha jarka 10 a rana tsakanin girki da wanka da wanki da alwala, ka ga 1,000 ke nan, a wata 30,000, alhali mafi ƙarancin albashi a jihar nan 71,000 ne, kuma mafi yawan mutanenmu ma ba albashin suke ɗauka ba. Gwamnatin da ta kawo ruwan famfo ƙofar gidan mutumin nan ta mayar masa da dubu talatin aljihu duk wata ba tare da ya bi layi ko ya san wani babba ba, ta kuma rage masa kuɗin maganin taifot. Haka in makarantar firamare ta layinsu tana da malami da benci da banɗaki, ba zai ciyo bashi ya kai yara ta kuɗi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru, to ni a nan nake so in ga ƙarin, a famfo da aji da ɗakin haihuwa na unguwa mai ungozoma da dare, ba sai an ɗauki mace tana naƙuda an tsallaka rabin gari ba.

Mai maganar Dubai kuwa, ƙidayar 2006 ma ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, yanzu Allah kaɗai ya san adadinmu, kuma kullum ƙaruwa muke, Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Bachirawa da Rimin Kebe duk wuraren da muka sani gonaki ne sun zama gari, akasari awon igiya babu hanyar mota babu magudana babu filin makaranta. Kafin a yi dogon bene mai gilashi a fara zuwa gaban gari a fitar da titi da kwata tun mutane ba su gina ba, don in an riga an gina sai rusau, rusau kuma kowa ya san kukan da yake jawowa.

Mu ma fa da namu, kada mu ɗora wa gwamnati komai. Na sha kama magidanci mai kamala, sahun gaba a masallaci, ya sa almajiri ya juye shara a kwata da daddare, in ka rubuta masa sammaci kafin ka koma ofis an bugo waya daga sama an ce a bar maganar ɗan uwan wane ne. Ranar zaɓe kuma a karɓi taliya da sabulu da ɗan atamfa, to wanda ya saye ka da taliya in ka je masa da maganar famfo kallon me zai yi maka, ai ya riga ya biya. Na san yunwa ce, ban raina kowa ba, amma ko a zaɓen kansila kaɗai mu gwada tsayar da mutumin da muke sallah tare da shi wanda in ya ci amana mun san gidan ubansa.

Malam mai tambaya, ka ce kai a Kurna kake. Don Allah ka bincika mana sunan kansilan mazaɓarku da inda yake zama, ku samu mutum biyar ku haɗa da mai unguwa da limamin layinku ku je masa da magana ɗaya tak, yashe kwata kafin ruwa ya sauka, a rubuce da kwanan wata, ku riƙe kwafi. In ya ce babu kuɗi ku tambaye shi wa zai rubuta wa kuma yaushe za ku dawo jin amsa. Duk abin da ya ce ka zo ka faɗa mana, ni kuma in kana so zan turo maka yadda ake tsara takardar don kada a ce ba ta bi ƙa'ida ba.