Tambaya da Amsa: Wace ce Coco Gauff?

Tambaya: Malam, don Allah ina son bayani game da matashiyar 'yar wasan tanis Coco Gauff.

Amsa: Ba'amurkiya ce da aka haifa ranar 13 ga Maris, 2004. Duniya ta fara saninta a 2019, lokacin da ta doke Venus Williams a gasar Wimbledon tana da shekara 15 kacal, abin da ya ba masu sharhi mamaki ganin cewa Venus ta lashe gasar har sau biyar. Ta ci babbar gasar Amurka a 2023, sannan ta Faransa a 2025, duka biyun bayan ta rinjayi Aryna Sabalenka. A ganina, saurin ƙafarta ne babban makaminta.