Amsa: Mota ta ƙi tashi da maɓalli

Malam, ka ce motarka na nuna ba ta ga makulli ba, alhali rimot ɗin yana aljihunka. Galibi batirin rimot ne ya yi sanyi. Taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin, sannan ka danna. Akwai 'yar ƙwaya a cikin rimot ɗin da motar ke ganewa ko da batirin ya mutu.

Daga nan buɗe rimot ɗin ka duba lambar batirin, yawanci CR2032 ne. Ana samu a kasuwar Sabon Gari, amma don Allah ka guji na araha, ba ya daɗewa.

In kuma ka taka birki fitilun baya ba su kama ba, to mai yiwuwa makunnin birki ne, wato abin da ke sanar da motar ka taka birki, ya lalace, sai mai wayarin.