Amsar Kawu kan motar nan mai hayaƙi: a gyara ko a sayar?

Assalamu alaikum. Jama'ar gida, barkanmu da war haka, ya yara, ya zafin nan. To ɗana, na saurari muryarka tun da hantsi, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba, sai yanzu na samu na zauna. Ga waɗanda ba su buɗe tasa ba, abin da yake tambaya shi ne: Hondarsa, Accord ɗin nan ta 2004 da ake ce wa EOD, ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, duk sati biyu sai ya ƙara mata lita guda. Bakanikensa ya ce ko a sauke inji a yi ringi, wato a canza zobban fistin, ko a sayo inji ɗan Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a ɗora, kuma da kuɗin inji da na aiki ya yi masa lissafin wajen naira dubu 800. Abokan aikinsa kuma sun ce kar ya soma, ya sayar ya cika ya ɗauko Corolla. Haka ne ko? To.

Bari in fara da abokan aikin naka. Na san abin da suka ce maka ko ban ji ba: motar gaba ɗaya nawa take da za ka zuba mata dubu 800? Wannan lissafin na da ne, lokacin da dala take da sauƙi, mutum ya yi tanadin shekara guda ya aika Kwatano a kawo masa mota tana ƙamshin Turai. Wancan zamanin ya wuce. Tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa. Sannan 2023 ta zo, ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin mai, wata mai bi aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar da muke saye 700 da wani abu a kasuwar canji ta Wapa a Kano, kafin ka ce me ta haura 1,500 a farkon 2024. Su kuma kwastam da farashin dala suke lissafin kuɗin fito. Ka ga kenan mota ta tashi sau biyu, ta tashi a can inda aka sayo ta, ta kuma tashi a bakin ruwa.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ba nawa motata take ba ce. Tambayar ita ce, in na sayar da ita a yadda take, tana hayaƙi, na haɗa da dubu 800 ɗin nan, me zan iya ɗaukowa? Ka je wajen masu sayar da mota ka tambaya da bakinka, kar ka aiki kowa. Corolla 'yar Beljiyam kai tsaye, ko ta 2005 ce, kuɗinka ba za su kai ƙofarta ba. Abin da za su kai shi ne ta hannu, wadda wani ya mora a nan, ta sha ramukan hanya, ta sha hannun bakanike biyar, an wanke injin da kananzir yana ƙyalli, an zuba mata baƙin mai mai kauri don kar ta yi ƙara ranar da za ka gani. Kuma ka tambayi kanka, a wannan yanayin, wa yake sayar da Corolla mai lafiya? Akwai, ban ce babu ba, wani rashin lafiya ce ta kama shi, wani biki ne ya taso. Amma mafi yawa sun ji wani abu ne a jikinta da kai ba za ka ji ba sai bayan wata biyu. Shi ne ake cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Taka kuwa shekara nawa tana hannunka, shida ko bakwai? Ka san tarinta, ka san atishawarta. Ka san ranar da ka canza mata famfon mai, ka san tayoyinta na bara ne. Wannan sanin kuɗi ne, sai dai dillali ba zai biya ka shi ba.

Amma fa kar ka ɗauka ina cewa ko wace mota a gyara. Ni nan da kake ji na, na taɓa yin wautar da har yau innarku take min dariya a kai. Kun tuna Fijo 406 ɗina, ruwan toka, haɗin Kaduna? Mota ce mai daɗin hanya, in ka ɗora ta a titin Zariya sai ka ce a kan katifa kake. Wata damina na shiga ruwa da ita, ina ganin ba shi da zurfi, ashe ya kai kujera. Ba laifin motar ba ne, ganganci na ne. Daga ranar ta zama wata halitta. Yau ka kunna sigina gilas ya sauka, gobe ta mutu a tsakiyar danja, jibi ta tashi lafiya kamar ba ita ba. Masu waya uku suka shiga cikinta, kowa ya yanka ya haɗa ya naɗe da salatif, kowa ya zagi aikin na baya. Na canza ƙwaƙwalwar injin har sau biyu. Gyaran gangar Auzinawa dai. Shekara biyu ina zuba kuɗi, kullum ina cewa ai na riga na kashe da yawa, ba zan bari yanzu ba. Wannan maganar ita ce ta cinye ni. Kuɗin da ka kashe jiya sun tafi, ko ka riƙe motar ko ka sayar ba za su dawo ba. Ƙarshe a wulaƙance na sayar da ita.

Abin da na koya a nan shi ne ciwon mota iri biyu ne. Akwai wanda yake wuri guda, ka san inda yake, ka cire ka sa wani, shi kenan. Akwai kuma wanda ya bazu a jiki. Inji yana cikin na farko, duk da shi ne ya fi tsoratar da mutane. Inji ai kaya ne, a kwance a ɗaga da sarƙa a sa wani, kwana biyu ko uku an gama. Wanda ya bazu shi ne waya, da tsatsa, da shasin da ya taɓa lanƙwasa.

Ku yi haƙuri, bari in amsa sallama.

(Murya ta biyu)

Yauwa, na dawo. To kafin ka ba kowa ko sisi, ka kai ta inda ake hawa rami ko a ɗaga ta, ka shiga ƙarƙashi da kanka da tocila. Kar ka ji ƙyamar ɓata riga. Ka duba ƙasan bodi, ka duba inda ƙafafu suke kamawa, ka ɗaga kafet ɗin but ka leƙa ramin safaya. In ka sa sukundireba ka danna ƙarfe ya burma kamar biskit, to magana ta ƙare, ka sayar. In ka ga walda a shasi, ko tayar gaba ɗaya tana cinyewa ta gefe duk alaimen ɗin da aka yi, ita ma haka. Mu nan Arewa Allah ya taimake mu, ba mu da gishirin teku irin na Legas, shi ya sa bodi yake daɗewa. Ina kyautata zaton taka lafiya take, don ban taɓa jin ka ce ta yi haɗari ba.

Sai giya. Nan ne fa nake so ka faɗa min gaskiya, kar son mota ya sa ka rufe mata asiri. Taka mai canza giya da kanta ce. In ka taka da safe tana shiga nan take, ko sai ta yi jim sannan ta yi gaf? A kan hanya tana ihu ba ta gaba? Ka zaro sandar man giya ka sunsuna, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, akwai magana. Hondar nan ba ta son kowane irin man giya, nata take so, kuma mutanenmu duk abin da yake ja a galan zubawa suke. In inji ya gaji kuma giya ta gaji, biyu kenan, lissafin ya canza, a nan ni ma zan ce ka fara neman mai saye. Amma in giya na shiga sumul, rabin tsorona ya tafi.

Yanzu hayaƙin. Ka ce tana hayaƙi, ba ka ce wane iri ba. Shuɗi-shuɗi mai warin baƙin mai, shi ne mai yana ƙonewa. Fari tas mai yawa, ruwan lagireto kuma yana raguwa, wannan gasket ne. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, wani sa'in ma nozil ne kawai ko wani ɗan sensa. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba, in ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Sannan ko shuɗin ne, ba lallai ringi ba. In da safe ne kawai take yi, ko bayan ta daɗe a tsaye inji na aiki a silo, daga baya ya ɗauke, sau da yawa robobin bawul ne suka bushe, aikin da bai kai kusa da sauke inji ba. Akwai agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Aikin rabin awa ne. Bakaniken da ya ce a sauke inji bai auna ba, da ido kawai, ka je wajen wani ya duba maka. Ba zarginsa nake ba, likita ma ana jin ta bakin na biyu. Kuma ka duba ƙasan inda take kwana, wataƙila rabin man da kake ƙarawa a ƙasa yake tsiyaya.

In ta tabbata injin ne, tsakanin ringi da ɗan Beljiyam, ni ra'ayina Beljiyam, kuma na san a guruf ɗin nan akwai wanda zai yi min musu. Ringi yana kyau in an samu kaya na asali da mai hannu, wanda zai auna ya kai wajen masu injin gyaran bulok, ya ɗaure kowane noti da ma'auni. Amma wanda za a baje maka inji a kan buhu a ƙasa, iska tana kwaso yashi, a sa ringin da ba a san asalinsa ba, wata shida ka dawo gidan jiya. Taka mai silinda 4 ce, injin 2.4, sarƙa gare shi ba bel ba, inji ne mai haƙuri kuma yana samuwa. In za ka saya ka zo Kano mu shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa tare, ko a tambaya a Panteka a Kaduna a gwada farashi. Kar ka tura bakanike shi kaɗai da kuɗi, kar kuma ka je kai kaɗai ba bakanike. A buɗe murfin sama a gabanka ka ga cikinsa, in ya yi baƙin dasƙare kamar kwalta ka wuce. Akwai injin da aka cire daga motar nan gida, aka wanke, aka jera cikin na Beljiyam. Ka sa a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit, da lambar injin, ka adana rasit ɗin tare da takardun mota, ka je a gyara lambar a takardunka don kar wata rana a tsare ka a hanya ana tambayar inda ka samo shi.

Wani abu kuma, don Allah, in an ɗora sabon injin kar ka bari a cire masa tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Motar nan a Amurka aka yi ta yawo, can ma akwai hamada. Inji in bai kai zafin da aka tsara masa ba, mai yake sha, kuma yana saurin gajiya. Ka sa ruwan lagireto na gaskiya, ba na rijiya ba. Juye kuma a kan lokaci, da man da littafinta ya ce.

Af, na kusa mantawa, kuma wannan ya fi injin muhimmanci. EOD an san ta da cire ƙafar gaba, duk wanda yake bin hanya ya sha ganin ta durƙushe a gefen titi, taya ta karkace. Bol join na ƙasa ne yake saki. Kai da kake ɗaukar iyali daga Zariya zuwa Kano, ka wuce Kwanar Ɗangora a guje, wannan ba abin wasa ba ne. Ko ka gyara inji ko ba ka gyara ba, ko gobe za ka sayar, a duba ƙafar nan, a sa na kirki. Inji in ya mutu a gefen titi zai ajiye ka, ƙafa kuwa Allah ya kiyaye.

Maganar shan mai, gaskiya ne Corolla mai 1.8 ta fi taka sauƙi, kuma da fetur ya tashi daga ƙasa da 200 ya je ya taɓa 1,000 a 2024, kowa ya koyi lissafi. Amma ka ɗauki biro. Daga gidanka zuwa Samaru ka dawo, lita nawa za ka rage a wata? Ka raba miliyoyin da za ka cika da kuɗin litocin nan. Za ka ga shekaru ne kafin su dawo. Da haya kake yi da ita, kullum kana hanya, da sai in ce wani abu daban.

Kuma cikon nan daga ina zai fito? In bashin banki ne da za a riƙa yanka a albashi, ko filin nan naka za ka sayar, ban goyi baya ba, kuma na faɗa a gaban kowa. Fili yana tashi yana kwance, mota kuwa tana sauka ko a rumfa ka ajiye ta. Ga kuɗin makarantar yara a watan 9. In kuwa ƙarshe sayarwar ce ta kama, ka faɗa wa mai saye aibinta, hayaƙin nan da shan man, kar ka bari dillali ya zuba mata wani abu ya rufe. Ka san hukuncin ɓoye aibi a ciniki, ba sai na tuna maka ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina da ɗaurin aure a Tudun Wada, zan biyo ta gidanka da sassafe. Kar ka tayar da ita kafin in zo, a sanyinta nake so in ji ta. Ka ce wa maiɗakinka kar ta wahalar da kanta, koko da ƙosai ya isa. Ga shi an kira Magariba, sai anjimanku.