Ƙaura zuwa gari mai nisa ba tare da aiki a hannu ba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka da kyau. Ka ce kana so ka bar garin da kake ka koma wani babban birni a can ɗaya ƙarshen ƙasar, alhali ba ka samu aiki a can ba tukuna, kana da maiɗaki da ɗa ƙarami, kuma abin da ka tara zai iya riƙe ku kamar wata 3 idan an yi tattali. Kana tambaya ko ka ajiye aikin da kake yi ka tashi, ko kuwa ka dakata. Ni ma na taɓa yin irin wannan ƙaura, daga baya kuma na sauke wasu da suka yi ta a bayana, saboda haka abin da zan faɗa maka abu ne da na gani da idona. Ƙaurar tana yiwuwa, kuma mutane da yawa sun yi ta sun ji daɗinta, amma a ganina guzurinka bai kai ba, kuma bai kamata ku tashi ku uku a lokaci guda ba.

Bari in fara da lissafin nan na wata 3. Kusan na tabbata ka yi shi ne da tsadar rayuwar inda kake yanzu, inda ka riga ka biya haya, kana da kayan ɗaki, ka san hanya mafi sauƙi zuwa ko'ina, kuma akwai wanda zai ranta maka idan ta ƙure. A sabon gari duk waɗannan babu su. Watan farko shi ne ya fi cin kuɗi, domin a cikinsa ake biyan kuɗin jigilar kaya, da masaukin kwanakin farko, da la'adar dillali, da kuɗin kafin alƙalami na gida, ga kuma kuɗin mota da baƙo yake kashewa ninkin na ɗan gari saboda rashin sanin hanya. Sannan akwai abin da masu shirin ƙaura suka fi mantawa da shi, wato tazarar da ke tsakanin samun aiki da karɓar albashi. Za ka miƙa takarda, ka jira a kira ka intabiyu, wataƙila a sake kiranka karo na biyu, a ba ka takardar ɗauka, a ce ka fara a farkon wata mai zuwa, albashi kuma sai ƙarshen wannan watan. Ko da komai ya tafi daidai, wannan kaɗai yana iya cinye wata 2 ko fiye. Masu ba da shawara kan tattalin kuɗi sukan ce mutum ya ajiye abin da zai riƙe shi wata 3 zuwa 6 saboda tsaro, amma wannan shawara ce ga wanda yake zaune a gidansa aiki ya kuɓuce masa. Mai ƙaura yana buƙatar wata 6 ɗin cif, da tsadar garin da zai je, kuɗin ƙaurar kanta daban, kuɗin dawowa kuma daban, a wurin da hannu ba zai riƙa kai musu ba.

Ka ambaci cewa albashin can ya kusa ninka na inda kake. Ban musa ba, sai dai albashin da ake faɗa na wanda ya samu aikin ne. A shekarar 1970 wasu masana tattalin arziki biyu, John Harris da Michael Todaro, sun yi bayanin dalilin da ya sa mutane suke ta kwarara birane duk da rashin aikin yi da ke cikinsu. Sun nuna cewa abin da ke jan mai ƙaura shi ne albashin birni idan an haɗa shi da yiwuwar samun aikin, kuma da zarar labarin albashi mai tsoka ya bazu, masu zuwa nema sukan ƙaru har su fi guraben yawa. Amfanin wannan gare ka mai sauƙi ne. Idan albashin can ninki biyu ne, amma a cikin masu irin sana'arka da suka je mutum ɗaya cikin uku ne yake samun aiki a wata 6 na farko, to a lissafi ba ka ci riba ba, tun ma kafin a cire bambancin haya. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa mutanen can ita ce tsawon lokacin da masu irin aikinka suke ɗauka kafin su samu, kuma ka nemi jin ta bakin waɗanda suka je suka dawo hannu rabbana, domin su ba a cika jin labarinsu ba.

Maganar gida ita ce ta fi ba ni wahala, kuma ita ce na ga ta fi kayar da mutane. Na tuna wani mai gida da dillali ya kai ni wurinsa. Ya nuna mini ɗakin, mun daidaita kan kuɗi, har na fito da su na riƙe a hannu, sai ya tambaye ni inda nake aiki. Da na ce ina nema ne, sai ya mayar da makullin aljihu, ya ce in kawo takarda daga wurin aiki ko kuma wani ɗan gari da zai tsaya mini. Ban ga laifinsa ba, domin shi abin da yake dubawa shi ne watan da kuɗina za su ƙare. A ɗaya gefen kuma, masu ɗaukar aiki da yawa idan suka ga adireshin gari mai nisa a takardar mutum sai su ajiye ta gefe, saboda suna tsoron ba zai zo intabiyu ba, ko zai nemi kuɗin ƙaura, ko zai yi ɗan lokaci ya koma gida. Mafitar da na ga tana aiki ita ce ɗaki ɗaya na wucin gadi da ake biya wata-wata, ko masauki a wurin wani na ƙayyadadden lokaci, da jaka guda, sauran kaya su zauna inda suke. Kada ka ɗaure kanka da hayar dogon lokaci kafin ka san inda aikin zai faɗo, domin a babban birni gida mai araha a wani gefe da aiki a ɗaya gefen yana iya cinye maka sa'o'i da kaso mai yawa na albashi a kan hanya kullum. Kada kuma ka tura kuɗin gidan da hotonsa kawai ka gani, ko ka biya wani kuɗi domin a ba ka aiki. 'Yan damfara sun san baƙo mai gaggawa, kuma shi suke jira.

Idan wani ya yarda ya sauke ka, ka faɗa masa ranar da za ka tashi tun ranar da ka iso, ka kuma ɗauki wani abu daga cikin hidimar gidan ko da ya ce ka bari. Na ga zumunci mai ƙarfi ya lalace saboda baƙon da ya zo da niyyar mako biyu ya share rabin shekara.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi kuɗin ma muhimmanci, wato mutanen da suka san ka a can. A 1973 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa binciken da ya yi kan yadda ma'aikata a garin Newton da ke kusa da Boston suka samu ayyukansu. A cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani mutum, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce suna yawan haɗuwa da mutumin, sauran kuwa jefi-jefi suke ganinsa ko ma da ƙyar. Dalilin shi ne na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani, amma wanda kuka yi sanayya sama-sama yana yawo a cikin wasu mutane daban, yana jin labarin da ba zai taɓa zuwa kunnenka ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani babban gwaji da aka yi a LinkedIn, wato shafin intanet da ma'aikata da masu neman aiki suke haɗuwa, kan mutane fiye da miliyan 20 cikin shekara 5, sakamakonsa kuma ya ƙarfafa wannan magana. Ni ma aikin da na samu ta haka ya zo. Wani mutum ne da muka taɓa yin ɗan gajeren aiki tare shekaru da dama kafin nan, ba ma ko gaisawa a waya, ya sanar da ni cewa wani ma'aikacinsu zai tafi, tun kafin a fitar da sanarwa, ya kuma miƙa takardata da hannunsa.

Saboda haka tun kana gida ka zauna ka rubuta sunan duk wanda ka sani a garin: abokan karatu, tsofaffin abokan aiki, waɗanda kuka taɓa ciniki da su, malaman da suka koyar da kai. Idan ka kira su, ka guji cewa su nemo maka aiki, domin wannan kaya ne mai nauyi, mutum zai ce in sha Allah ya kashe waya, maganar ta mutu a nan. Ka faɗi takamaiman aikin da ka iya, ka tambaye shi wuraren da suke ɗaukar masu irinsa, da lokacin shekara da aka fi ɗauka, da mutum ɗaya da zai iya haɗa ka da shi. Wannan roƙo ne da kowa zai iya biya ba tare da ya takura ba. Idan ka gama rubuta sunayen ka ga ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, to wannan ma amsa ce ga tambayarka, aƙalla a yanzu.

Dalilin da ya sa na ce kada ku tashi gaba ɗaya shi ne ƙaurar mutum ɗaya gwaji ce da ake iya janyewa daga gare ta, ta iyali kuwa da wuya a janye. Akwai wani bincike da nake yawan tunawa da shi. A 2008 wasu masana uku, Gharad Bryan da Shyamal Chowdhury da Mushfiq Mobarak, sun je yankin Rangpur a arewacin Bangaladash, inda ake fama da yunwa kowace shekara kafin girbi, suka ba wasu magidanta ɗan abin da bai wuce kuɗin mota ba domin mutum ɗaya daga gidan ya tafi ci-rani birni. Gidajen da suka tura wani sun tashi daga kashi 36 zuwa kashi 58 cikin 100, abin da iyalan waɗanda suka tafi suke ci da kashewa ya ƙaru da kusan kashi 30 zuwa 35 cikin 100, kuma da yawa sun sake komawa a shekarun da suka biyo baya ba tare da an ba su komai ba. Halin waɗannan manoma ya bambanta da naka, amma abin lura shi ne yadda suka tafi: mutum ɗaya, na ɗan lokaci, gida yana nan a tsaye, kuma idan ba a dace ba asarar ba ta wuce abin da za a iya jurewa ba. Idan maiɗakinka da yaro suna inda aka san su, kai kana iya kwana a ɗan ƙaramin ɗaki ka jure. Idan kuwa suna tare da kai, kowace rana da ta wuce ba aiki za ta matsa maka ka karɓi duk abin da aka miƙo maka, ko da bai kai wanda ka baro ba, sai a wayi gari an saki reshe an kama ganye.

Game da ƙaramin aikin riƙon ƙwarya, ka karɓa idan ya samu, domin yana tsawaita guzuri, yana kuma fitar da kai cikin mutane. Sharaɗina ɗaya ne, kada ya cinye sa'o'in da ofisoshi suke buɗe har ya hana ka zuwa intabiyu. Idan kuma sana'arka tana buƙatar lasisi ko rajista, ka bincika ko wanda kake da shi yana aiki a can tun kafin ka tashi.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, kuma ina roƙonka ka ɗauke shi da muhimmanci. Zaman jira a garin da ba ka san kowa ba yana cin zuciya. Waya takan yi shiru kwana da kwanaki, mutanen gida suna tambaya ko an dace, kai kuma ka fara ɓoye musu gaskiya. Na ga mutanen kirki da suka zauna har guzuri ya ƙare, suka ci bashi, suka sayar da abin da suka mallaka, don kawai kunyar a ce sun dawo. Maganin wannan tun a gida ake haɗa shi. Ku zauna da maiɗakinka ku yanke rana da adadi: idan rana kaza ta zo ba takardar ɗauka a hannu, ko kuɗi suka sauko zuwa kaza, za ka dawo a sake shiri. Ka rubuta, ka kuma sanar da wani babba da kake jin nauyinsa, domin a lokacin da ranar ta zo zuciyarka za ta riƙa ce maka ka ƙara mako ɗaya, kuma kana buƙatar wanda zai tuna maka alkawarin. Ita ma ta san ainihin abin da ke cikin asusun, tun da ita za ta riƙe gida da yaro a bayanka.

Duk wannan ya shafi wanda yake da aiki a hannu ne kamar kai. Wanda zamansa ya zama haɗari ga rayuwarsa, ko aka daina biyansa albashi, lissafinsa daban ne, ba zan ce masa ya jira ba.

Da ni ne a matsayinka, ba zan ajiye aiki a wannan watan ba. Zan ci gaba da tari, in fara tura takardu tun daga nan, in rubuta a cikinsu ƙarara cewa zan koma garin a wata kaza kuma ni zan ɗauki nauyin ƙaurata, domin wannan jimla ɗaya tana kawar da shakkun mai ɗauka. Sai in nemi hutu a wurin aiki in je da kaina na mako ɗaya ko biyu, tun da zuwa da kai ya fi aike: in ga mutanen da na rubuta sunayensu ido da ido, in shiga motar haya da safe a lokacin cunkoso daga unguwar da nake iya biya zuwa inda ayyukan suke, in tambayi dillalai abin da ake nema a wurin baƙo. Idan lokacin tafiya ya yi, ka ba shugabanninka sanarwa yadda ƙa'ida ta tanada, ka miƙa aiki cikin mutunci, ka karɓi takardar shaidar aiki da ta yabo kafin ka fita, domin sabon wurin zai iya kiransu ya tambayi halinka, kuma karɓar takarda daga nesa bayan an tafi abu ne mai wuya ƙwarai.