Kafin ka nuna wa darakta aiki kai tsaye

Ka ce daraktan yana Abuja, kai kana nan Kano kana tace masa fim, yana so ya riƙa ganin abin da kake yankawa a lokacin da kake yankawa. Hoto yana daskarewa, murya tana riga baki, har ya fara ɗaga maka murya. Ka kuma tambaye ni ko kwamfutar ce ta tsufa. Lafiyarta ƙalau. Ku yaran yanzu da abu ya ƙi sai ku ce a sayo sabo, ba mai zama ya nemi inda ciwon yake.

Sauke OBS, manhajar da ake tura hoton allo kai tsaye da ita, da jona kebul ba zan koya maka ba. Wanda bai iya wannan ba bai isa zama a kujerar nan ba.

Gwajin gudun intanet lamba biyu yake ba ka, ta saukewa da ta turawa. Ku ta farko kuke kallo don ita ce babba, alhali ta biyun ce take ɗaukar hotonka zuwa Abuja. Ka gwada ta a daidai lokacin da za ku zauna, domin sabis ɗin hantsi daban yake da na bayan isha'i, sa'ad da unguwa gaba ɗaya ta hau eriya guda. In ka ga megabit 5, kada abin da kake turawa, wato bitret, ya wuce 3000 kbps, megabit 3 ke nan, ragowar ka bar wa sabis ya yi numfashi. Girman hoto 720, bitret a kan CBR, wato ya tsaya wuri ɗaya ba hawa ba sauka, kifirem, wato cikakken hoton da ake turawa lokaci-lokaci, duk daƙiƙa 2, sauti 160 kbps. Wannan zai ci maka kusan giga ɗaya da rabi a awa, ka sa shi a lissafin da za ka ba mai aiki. Firem kuma, wato adadin hotuna a kowace daƙiƙa, ya zama daidai da na fim ɗin: in kana tacewa a 25 ka bar OBS a 30, duk inda kyamara ta juya sai hoto ya riƙa tuntuɓe, darakta ya ɗora wa mai ɗaukar hoto laifin da ba nasa ba. Ja kebul daga rauta, na'urar da ke raba intanet, zuwa kwamfuta, ka sauke wayoyin 'yan shago daga kan rautar, ka dakatar da duk abin da yake loda fayil a ɓoye.

Sai hanyar da za ka bi. In ka tura ta YouTube a ɓoyayyen adireshi, hoto zai yi kyau, amma zai isa a makare da daƙiƙoƙi, wani lokaci har ashirin ko fiye. Ya ce maka tsaya nan, kai ka riga ka wuce wurin tuni. Don aikin da ake musayar magana, kunna kyamarar bogi ta OBS, mai sa a ɗauki hoton allonka kamar daga kyamara yake, ka shigar da ita manhajar kiran bidiyo irin Zoom ko VDO.Ninja, jinkirin bai kai daƙiƙa ɗaya ba in sabis na da lafiya. Amma ka sani, a wannan hanya bitret ɗin da ka saita a OBS ba ya aiki, manhajar kiran ce take matse hoton yadda ta ga dama. Kuma kyamarar bogin hoto kaɗai take ɗauka. Sautin fim sai ka bi da shi ta VB-Cable, manhajar da ke kai sauti daga wata manhaja zuwa wata, ka zaɓe shi a matsayin makirfo. A Zoom ka kunna sautin asali na mawaƙa, in ba haka ba zai ɗauki kiɗan fim ɗin a matsayin hayaniya ya cinye shi.

Daskarewa kuwa, buɗe tagar ƙididdiga ta OBS, ita za ta gaya maka mai laifi. Firem da ya zube saboda sabis, rage bitret. Wanda ya zube wajen matse hoto, furosesa ce ta gaji, in kana da katin hoto na Nvidia mayar da aikin kan NVENC, sashen katin da ke matse hoto. Wanda ya zube wajen zana hoto, manhajar tace fim, Premiere ko DaVinci Resolve, ce ta cinye katin hoto, sai ka kunna fim ɗin a rabin inganci. Murya da baki kuma, tafa hannu gaban kyamara ka duba. In tazarar ba ta canzawa, jinkirta sautin a saitin OBS, ka fara da milisakan 150 kana ƙarawa har su haɗu. In tazarar ƙaruwa take yi yayin da zama ke tsawo, a saitin sauti wani abu yana kan 44.1 kHz wani yana kan 48. Mayar da komai 48. Ku duka biyun ku sa abin ji a kunne, lasifika ita take kawo amsa-kuwwa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ajiye aikina nake ba ka amsa daban ne.

Wani furodusa ya kawo wa shagon nan fim mai dogon zango. Ya ba da kafin alƙalami, aka yi yarjejeniya sauran kuɗi sai ranar karɓar aiki. Aka yanka, aka gyara launi, aka haɗa sauti, aka sa fassara a ƙasa. Da aka gama sai ya ce tafiya ta kama shi, a nuna masa ta intanet. Ya ce a tura a 1080 don ya duba launi da kyau. Ya ce tambarin shago yana rufe fuskar jaruma, a cire. Ya ce kada kowa ya yi magana, kada a tsayar, yana so ya ji abin da mai kallo zai ji. Yaron da ke kan kwamfuta, irinka, mai jin kunyar manya da son a ce ya iya, ya yi masa duk yadda ya ce. Mutumin nan ya zauna shiru daga farko har ƙarshe, bai nemi a gyara ko firem ɗaya ba, ya yi godiya ya sa albarka. Ashe naɗar allonsa yake yi. Ba a jima ba sai ga fim ɗin a tasharsa ta YouTube, da launinmu da sautinmu, an cire sunan shago daga ƙarshe. Waya ta daina shiga. Da aka kai magana gaban manyan sana'a, sai ya ce ai ba a taɓa miƙa masa aiki a hannu ba, me zai biya? Har yau kuɗin nan bai fito ba, kuma hayar shago da man janareta da haƙƙin yaran da suka kwana a kan aikin duk daga aljihun shago suka fita. Allah ya isa, ban yafe ba.

Saboda haka a shagon nan ba a tura aikin da ba a gama biya ba sama da 720, ko wane ne. Tambari a tsakiyar hoto yake zama, da ɗan haske yadda za a ga aiki, domin na kusurwa yanke shi ake yi. Lambar lokaci tana gudu a kan hoton, ita ce kuma za ta sa ya ce maka minti 12 da daƙiƙa 40 maimakon "wajen da ta juyo ɗin nan". Fage-fage ake nunawa, ana tsayawa ana magana. Mai neman gyara da gaske shi da kansa yake cewa a tsaya, a koma baya. Wanda ya ce a bar shi ya kalla shiru har ƙarshe, ka kira ni kafin ka danna komai.

Ka naɗi zaman a kwamfutarka da muryarsa a ciki, don gobe kada ya ce bai ce a yanke ba. Ka naɗa a nau'in fayil na MKV, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar MP4 fayil ɗin ya tafi. Rautar ma ka ɗora ta a kan UPS, batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, yawancinku kwamfuta kaɗai kuke tunawa. Rabin awa kafin lokaci ka buɗe adireshin a wayarka da layin wani kamfani daban, ka saurari kiɗa, ka tafa hannu, ka tabbatar tambarin yana nan, sannan ka kira Abuja.