Fitar da jari daga Damagaram zuwa Kano ko Dubai

Malam, ka tambaya ko za ka iya tura kuɗinka daga Damagaram ka sayi hannun jari a Kano ko Dubai kai tsaye. A dokance, ba haka kawai ba.

Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a 2025, amma tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, kuma dokar canji ta wannan ƙungiya ce ke aiki a kanmu, babban bankin yankin, BCEAO, na sa ido. Tsakanin ƙasashe 8 masu sefa ɗaya, kuɗi na tafiya ba shamaki. Kana iya sayen hannun jari a kasuwar BRVM ta Abijan ta hannun dillali mai lasisi. Nijeriya kuwa, duk kusancinta da Magarya, ƙasar waje ce a wannan doka. Zuba jari can, ko buɗe asusu a bankin waje, sai da izinin ministan kuɗi, kuma ta banki za a tura.

Na san 'yan canji sun fi sauri. Amma jarin da ya fita ba takarda, ranar dawo da riba ba ka da hujjar nuna asalinsa. Don Allah ka fara zuwa bankinka da takardun kamfanin da kake son zuba jari a ciki kafin ka motsa ko dala.