Allon da ka tambaye ni a bakin kasuwar Sabon Garin Zariya

Ɗazu a bakin kasuwa ka yi mini tambaya ban samu sukunin amsa maka ba, ga 'yan dako na jira, ga mai kaya ya dame ni da waya. Ka ce, "Oga, ga allo ya hana fakin, mu kuma a gindinsa muke sauke shinkafa, ba wanda ya ce mana kanzil. Shekaranjiya kuwa wani mai kanta ya tsaya a gindin irin allon nan, aka zo da janwe aka yi gaba da motarsa. Dokar ta wasu ce ban da wasu?" Na ji daɗin tambayar nan. Yaran mota da yawa sun iya ribas da tirela amma ba su taɓa ɗaga kai sun dubi allo ba. Gyara zama in warware maka.

Mu a bakinmu komai "na tsaya" ne. A wurin doka kuwa tsayawa daban, fakin daban. Idan ka taka birki don mutum ya hau ko ya sauka, ko don a ɗora kaya ko a sauke, kana nan a wurin, da an gama ka ja, wannan tsayawa ce. Idan kuwa mota na tsaye don wani dalili ba wannan ba, ko jiran wani kake yi, ko shayi ka shiga sha, ko ciniki kake yi, to fakin ka yi, ko da injin na kunne, ko da kana zaune a kan sitiyari. Kunna fitilun gaggawa ba ya canza komai. Na sha ganin direba ya kunna su ya shige shago, a zatonsa ya nemi izni ke nan. Fitilun nan na motar da ta samu matsala ne.

To koma kan allon ɗazu. Zagayayye ne, cikinsa shuɗi, bakinsa ja, da jan layi guda ɗaya da ya ratsa shi a karkace. Wannan fakin ya hana, bai hana tsayawar sauke kaya ba. Ɗan'uwansa kamarsu ɗaya sak, sai dai shi layukan ja biyu ne sun gitta juna. Shi wannan mai layi biyu ko tsayawar ma ya hana. Ba sauke fasinja, ba "buhu ɗaya ne kawai", sai dai idan cunkoso ya tsayar da kai, ko ma'aikaci ya ɗaga maka hannu, ko mota ta mutu. Layi ɗaya tak ya raba su, kuma daga nesa, a kan allon da rana ta ci, ƙura ta rufe, wani ɗan siyasa ya manna masa fosta, da wuya ka bambance. Shi ya sa nake sa ka sauka ka je ka duba da idonka. Akwai kuma wanda ake rubuta harafin P a yi masa jan layi, shi ma hana fakin ne. P ɗin da ke cikin shuɗin allo mai kusurwa huɗu babu jan layi, shi ne yake cewa bismillah, ajiye motarka. Ranar da Allah ya kai ka Maraɗi ko Damagaram da kaya, shuɗin allon nan mai jan layi za ka tarar, ma'anarsa ɗaya, ko ba ka jin Faransanci.

Mai kantar da ka gani, cikin biyu ɗaya ne. Ko dai allonsa mai layi biyu ne kai ba ka lura ba, ko kuma, wanda na fi zato, ya sauke kayan ya rufe bodi ya bi mai kaya cikin kasuwa karɓar kuɗin mota.

A nan direbobi suka fi faɗawa. Wurin lodi ba naka ba ne, aro aka ba ka, kuma aron yana nan ne muddin kaya na motsi. Bodi a buɗe, 'yan dako na kai da komo, direba ko yaronsa na tsaye a jikin mota, to lodi ake yi. Da buhun ƙarshe ya sauka, izninka ya ƙare nan take. Lissafin kuɗi, sa hannu a takardar kaya, gaisawa da abokan arziki, duk wannan sai ka matsar da mota tukuna. Haka kuma jiran kayan da ba su iso ba ba lodi ba ne. Mai kaya zai ce maka "ga shi nan ana ɗaurewa, minti biyar", ka shafe awa guda kana tare wuri, motoci uku na bayanka suna zagaye. Ka ga ni ba na matsawa bakin shago sai na aike ka ka gano mini kayan a ɗaure, 'yan dako a tsaye. Ba jan aji nake yi wa kowa ba. Ina so ne in shiga in fita kafin a fara yi mini oda. Idan aka rubuta adadin mintoci a allon, daga lokacin da tayarka ta tsaya ake ƙirgawa, ba daga lokacin da aka fara sauke kaya ba.

Kada ka karanta babban allo ka tsaya nan. Ƙaramin da ke ƙarƙashinsa shi ke riƙe da rabin maganar. Daga sama za ka fara ka gangaro: me aka hana, yaushe aka hana, daga ina zuwa ina, wa aka ware. Idan ka ga 7AM zuwa 6PM, hanin daga bakwai na safe ne zuwa shida na yamma, bayan nan babu shi sai idan wani allon ya faɗi wani abu. Inda ake rikicewa shi ne sha biyu: 12PM tsakar rana ce, dab da azahar, 12AM tsakar dare. MON da FRI Litinin zuwa Juma'a ke nan, Asabar da Lahadi ba sa ciki. In babu lokaci a rubuce, hanin dare da rana ne. Kibiya kuma tana nuna maka ɓangaren da dokar ta shafa: ta nuna hagu, hagun sandar ne, ta nuna dama, dama ne, mai kai biyu kuwa kana tsakiyar wurin da aka hana, gabanka haka bayanka haka. A ƙa'ida allo yana aiki ne a gefen titin da aka kafa shi, daga gindinsa har mahaɗa ta gaba. Ka wuce shi da tsawon mota biyar ba ya nufin ka fita daga hukuncinsa. Idan alluna biyu suka yi karo, ɗaya ya sassauta ɗaya ya tsananta, ni mai tsananin nake bi. Tafiyar taku ɗari da buhu a ka ta fi kwanan mota a hannun hukuma sauƙi.

Na tuna bidiyon da ka nuna mini a waya, na fentin bakin titi, wai ja ba a tsayawa, rawaya wurin lodi, fari na sauke fasinja, kore na ɗan lokaci, shuɗi na masu naƙasa. Gaskiya ne, amma tsarin jihar Kalifoniya ne a Amurka. Kada ka ɗauko shi ka kawo unguwar PZ a nan Zariya. Baƙi da fari ko baƙi da rawaya da kake gani a duwatsun bakin titinmu yawanci don direba ya ga iyakar kwalta da dare ne. Ba izni ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi allon kansa yawa a Zariya, wato rashin allon. Daga Kwangila zuwa Samaru, daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, ka ƙirga alluna nawa ne suke tsaye lafiya. Wani mota ta kaɗe, wani 'yan gwangwan sun cire. Rashin allo bai halatta maka wuri ba. Akwai inda littafin dokokin hanya ya hana tun asali, ko an kafa allo ko ba a kafa ba: bakin mahaɗa, cikin kwana, kan gada, kan tudu inda na baya ba ya hango gaba, wurin tsallakar masu ƙafa, kusa da layin dogo, ƙofar shiga gida ko asibiti ko makaranta, da kuma jerawa kusa da motar da ta riga ta yi fakin. Duk dalilinsu ɗaya ne. Motarmu doguwa ce, tana tare ido. Ɗan acaɓa da zai fito daga lungu ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya cusa kansa cikin titi. Yaron makaranta da zai tsallaka ta gaban bodinmu, mai tahowa ba ya ganinsa sai ya iso. Ni a bakin mahaɗa nakan bar aƙalla tsawon motarmu biyu. Kuma ka tsaya a hannunka, kana fuskantar inda motoci suka nufa. Tun 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan ta koma bin hannun dama. Wanda ya tsallaka ya yi fakin a hagu don kawai shagon na can, da dare fitilunsa na baya ba sa nuna shi ga mai tahowa, kuma in zai fita sai ya yanki hannu biyu.

Sai allunan da ba na hukuma ba. Mai shago ya rubuta da fenti a bango, wani ya ajiye benci, wani tsohuwar taya. Titi ba gadon kowa ba ne, haka ne. Amma mutumin nan ƙofar neman abincinsa ce. Sauka ka yi sallama, ka ce, "Baba, buhu ashirin ne, yanzu za mu ja." A shekarun da na yi a harkar nan, da ƙyar in tuna wanda na gaisar ya hana ni. Gaban banki, ofishin 'yan sanda, ko barikin soja irin na Basawa kuwa, ba wurin tambaya ba ne ma, maganar tsaro ce, wuce kawai. Kuɗin da muke biya na ƙungiyar direbobi kuma na layi ne da tasha, takardarsa ba ta ba ka damar tare titi ba. Hannun ma'aikaci, ko na KASTELEA ne, wato hukumar dokokin hanya ta jihar Kaduna, ko na hukumar kiyaye haɗurra, ko ɗan sanda, yana gaba da allo. Ranar Juma'a a kusa da masallatai, da ranakun hawan Sallah a hanyar fada, abin da ya nuna maka shi ne doka a wannan lokacin.

Abin da ya sa nake tsananta maka a kan wannan, ba tsoron tara ba ne kaɗai. Ina sabon direba na kai siminti wani lungu a cikin birni, ka san yadda hanyoyin can suke, mota ɗaya ke wucewa. Aka sauke rabi, 'yan dako suka tafi cin abinci, ni ma na kulle mota na bi su, makulli na aljihuna. Ban fi rabin awa ba. Ina dawowa na tarar da jama'a sun taru, an ɗauko wata mata mai naƙuda a ƙaramar mota, sun rasa ta inda za su bi, har an fara fito da ita za a tallabe ta a zagaya da ƙafa. Babu allo a lungun nan, babu ma'aikaci, ba wanda ya ci ni tarar sisi. Wani dattijo ne kawai ya dube ni ya ce, "Yaro, hanya tana da haƙƙi." Maganar Manzon Allah (SAW) ya tuna mini, da ya ce a ba hanya haƙƙinta. Allah ya sa matar ta sauka lafiya, na je na tambaya washegari. Amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Daga ranar ban ƙara barin mota a wurin lodi babu mai iya matsar da ita ba. Shi ya sa tun watanka na uku na koya maka ja gaba da ribas kafin komai.

In mota ta mutu a inda aka hana tsayawa, ba laifi ka yi ba, amma akwai abin da ya hau kanka. Fitilun gaggawa, sannan alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, ka kai ta nesa yadda mai tahowa zai samu damar taka birki, ba a gindin taya ba. In ka ƙara da ganye, ka kwashe shi idan an gyara. Dutsen da ka tokare taya da shi ma ka ɗauke. Dutse ɗaya da aka manta a kwalta ya isa ya kayar da mai babur da dare.

Idan kuma aka kama ka, kada ka ɗaga murya, kada ka miƙa na goro. Ka tambayi laifinka cikin ladabi, ka nemi a rubuta maka takarda, a biya inda ake ba da rasit. Wayar nan taka ma tana da amfani a nan: duk inda allo ya ɗaure maka kai, ka ɗauki hotonsa tare da motar kafin a fara sauke kaya, ga lokaci nan wayar na ajiyewa. In kana da gaskiya, hoton zai faɗa.

Gobe in Allah ya kai mu akwai taki da za mu kai Samaru. Bayan asuba za mu tashi, kafin 'yan keke su cika hanya. Kai za ka zauna gaba, duk allon da muka wuce daga PZ zuwa bakin kasuwa ka karanta mini shi daga sama zuwa ƙasa, kuma kai za ka zaɓi inda za mu tsaya, ka faɗa mini dalili. Ka duba alamar mai kusurwa uku tana bayan kujera kafin ka kwanta.